Darasin Kiwon Lafiya: Tafiyar Ƙafa Da Rage Ƙiba

A da can, mutumin karkara ba ya bukatar a tuna masa ya yi tafiya. Da ƙafa ake zuwa gona, da ƙafa ake cin kasuwa. Mata kuma ga daka, ga niƙa, ga ɗiban ruwa. Yanzu acaba ya shiga kowane lungu, injin niƙa ya karɓe aikin dutse. Wannan ci gaba ne, amma ya sa mutane da yawa suna wuni a zaune. Mai tireda da tela da direba, da matar da ba ta fita, duk sun shiga wannan sahu. A cikinsu ne ƙiba ta fi yawa.

Illar ƙiba

Wasu na ɗaukar tumbi alamar hutu da wadata. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa kitsen da ya taru a ciki yana jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Nauyin kuma yana gajiyar da gwiwa da baya.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar sikeli. A sami igiya a yanke ta daidai tsawon mutum, daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka. A ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita ta wajen cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Wannan gwaji na manya ne, ban da yara da mata masu juna biyu.

Yadda kitse ke taruwa

Jiki yana ƙona abinci ya sami ƙarfin aiki. Abin da ya yi rara sai ya ajiye shi a matsayin kitse, kamar yadda manomi ke zuba rarar hatsi a rumbu. Rumbu ba ya raguwa sai abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa. Tafiya ɗiba ce, cin abinci kuma zubi ne.

Ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci sunansa kalori. Mutum mai nauyin kilo 70 yakan ƙona kalori kamar 150 idan ya yi tafiyar minti 30 da sauri. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Wanda ke wannan tafiya kwana 5 a mako ya ƙona 750 ke nan. Da tafiya kaɗai, sai ya yi mako 10 kafin kilo ɗaya ya sauka.

Ƙaramar kwalbar lemo guda tana da sukari kusan cokalin shayi 9, wato kalori kamar 140. Saboda haka wanda ya dawo daga tafiya ya kwankwaɗi lemo ya mayar da abin da ya ɗiba. Amma mai shan kwalba ɗaya kullum, idan ya daina kuma ya riƙe tafiya, kilo ɗaya na iya sauka a cikin mako 4 zuwa 5. Haka abin yake ga shayi mai sukari da yawa, da soye-soye, da loda tuwo da dare. Tafiya da kula da baki tare suke aiki.

Amfanin tafiya ya wuce rage nauyi

Kada mai tafiya ya karaya don ya ga nauyinsa na sauka a hankali. Tafiya tana rage hawan jini, tana taimaka wa jiki ya sarrafa sukari, tana kawo barci mai daɗi, ko da sikeli bai motsa ba.

A shekarar 2002 an bayyana sakamakon wani babban bincike a Amurka, kan mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. An sa wani kaso daga cikinsu motsa jiki na minti 150 a mako, galibi tafiya, tare da gyara abinci don su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Bayan kimanin shekara 3, kamuwa da ciwon a cikinsu ya yi ƙasa da kashi 58 cikin 100 idan aka gwada da waɗanda ba su bi tsarin ba. Ga mai kilo 90, kashi 7 cikin 100 ya haura kilo 6 da kaɗan ne kawai.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su riƙa motsa jiki minti 150 zuwa 300 a kowane mako.

Yadda za a fara

1. A fara da minti 10 a rana. Kowane mako a ƙara minti 5 har a kai 30.
2. A ɗaga ƙafa yadda numfashi zai ɗan ƙaru, amma mutum na iya magana da abokin tafiyarsa.
3. Ba dole a yi ta a tashi ɗaya ba. Minti 10 sau uku daidai yake da minti 30.
4. A zaɓi bayan sallar Asuba ko bayan La'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. A sha ruwa sosai.
5. Masallaci da kasuwa da ajin yaƙi da jahilci, idan suna kusa, a je da ƙafa a bar acaba.
6. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida da sauri. Idan matan gida suka haɗu suka yi tare, abin ya fi ɗorewa. Maigida ya ba da goyon baya, domin lafiyar iyali ribarsa ce.

Gargaɗi

Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar malamin asibiti kafin su fara. Mai ciwon sukari kada ya yi tafiya ba takalmi, kuma ya riƙa duba ƙafarsa kullum, don miki ba ya saurin warke masa. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na yankewa, ya tsaya nan take a kai shi asibiti.

Wanda yake ramewa ba tare da ya nema ba, wannan ba abin murna ba ne. Yana iya zama tarin fuka ko ciwon sukari, sai ya je a auna shi. A kuma guji magungunan rage ƙiba da ake talla a kasuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Faɗi cututtuka uku da ƙiba ke jawowa.
2. Yaya ake gwajin igiya?
3. Mutum na tafiyar minti 30 kwana 5 a mako. Minti nawa ke nan a mako 4?
4. Su wa ya kamata su ga malamin asibiti kafin su fara?