Darasi na 17: Sayen Kayan Sari ta Waya

A zamanin da, in falke zai sayi goro, sai ya taka da ƙafarsa har Gwanja. Can zai sauka a gidan fatoma. Fatoma ya san masu kaya, ya san mai gaskiya, ya san macuci. In aka yi ciniki a gabansa, shi ne shaida. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da fataucin goro ya fara kafin ya shiga sayen gyaɗa. Fataken zamaninsa ba sa ƙirga wa mutum kuɗi sai sun ga kaya, ko kuwa sun ga wanda ya tsaya masa.

Yau ciniki ya shiga waya. Mai tireda yana zaune a Kiru, sai ya ga talla a Facebook ko WhatsApp. Ga hoton buhunan sukari jibge, ga katan-katan na sabulu. Mai tallan ya ce shi babban ɗan sari ne a Kasuwar Singa, cikin Kano. Ya ce a aiko da kuɗi yau, gobe mota ta kawo kaya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023, mutanen ƙauye da yawa sun saba da aika kuɗi ta waya ko ta wurin mai POS. Wannan ya sauƙaƙa ciniki. Ya kuma sauƙaƙa wa 'yan damfara aikinsu.

To, 'yan'uwa, hoto ba kaya ba ne. Kowa yana iya ɗaukar hoton shagon wani ya ce nasa ne. Ku dubi farashi tukuna. A ce buhu yana naira 70,000 a kasuwa, shi kuwa ya ce zai ba ka a 50,000. Ina ya samo shi? Ɗan sari na ainihi ribarsa a kan buhu ɗaya kaɗan ce, yawa ne ke fisshe shi. Kuma in ya matsa maka da gaggawa, yana cewa saura buhu 10, wani na jira, to, ka ja da baya. Ba ya son ka sami lokacin tambaya ne.

Ga inda karatunku zai yi muku rana. Ka ce ya rubuto maka sunansa, da sunan shagonsa, da layin da shagon yake, da lambar asusunsa na banki. Lambar asusu ƙwaya 10 ce. In an buga ta a waya, kafin kuɗi su fita, sunan mai asusun zai bayyana. Kada ka yi sauri a nan. Karanta sunan baƙi bayan baƙi. In wurin mai POS ka je, ka ce ya juyo maka na'urar ka gani da idonka. Mutum ya ce maka kamfani ne, amma asusu ya nuna sunan wani dabam wanda bai taɓa ambata ba? Ya ce ai na ƙanensa ne, nasa ya sami matsala? Tsaya. Mai yiwuwa gaskiya ne, amma ba da jarinka za a gwada ba.

Akwai kuma hukumar gwamnati mai yi wa kamfanoni rajista, ana ce mata CAC. An kafa ta a 1990. Kamfani mai rajista yana da lamba mai farawa da RC, ƙaramar sana'a kuwa BN. Ana iya duba sunan a shafin hukumar na intanet. Wanda bai iya ba, ya sa wani yaro mai ilimi ya duba masa, ba abin kunya ba ne. Amma kada ku dogara da wannan kaɗai. Akwai 'yan kasuwa masu amana a Kwari da Singa waɗanda ba su yi rajista ba. Macuci kuma yana iya kwafo lambar wani ya liƙa a tallansa.

Abin da ya fi duka shi ne ido. Nemi fatomanka na yau. Daga Kwanar Dangora kullum mota tana shiga Kano. Kana da direban da ka sani, ko ɗan'uwa mai zama birni, ko abokin sana'a mai zuwa sari. Ba shi sunan layi da lambar shago, ya je ya tsaya a ƙofar. Ya tambayi maƙwabta: "Kun san wane? Tun yaushe yake nan?" 'Yan kasuwa sun san junansu. Mutumin Tudun Wada ko Doguwa zai ce hanya da nisa, kuɗin mota da yawa. Haka ne. Amma ya auna kuɗin motar da jarin da zai aika.

In an ga shago, an ga mutum, fara da kaɗan: buhu 2, ba 20 ba. Ku shirya cewa sai direbanka ya ga an loda kaya sa'an nan ka biya. A ba shi rasit mai sunan shago. Lambar sirrin katinka kuwa, da lambar da banki kan aiko maka ta saƙo, kada ka faɗa wa kowa. Ciniki ba ya bukatarsu.

Wanda tsautsayi ya riga ya faɗa wa, kada ya ɓoye don kunya, kada kuma ya goge saƙonnin. Ya tafi bankinsa ran nan da shaidar biya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Hukumar EFCC ma tana da ofis a Kano.

Aikin yau: Malam zai rubuta sunan shago a allo, ya rubuta sunan asusu a ƙarƙashinsa. Kowa ya karanta, ya faɗi ko sun dace. Sa'an nan ku yi wannan lissafi: buhu 20 a kan naira 50,000, nawa ke nan mai tiredan nan zai aika?