Kwana a Faransa, Aiki a Luksamburg: Darasi Kan Masu Tsallaka Iyaka Kullum

Darasinmu na wannan fitowa a kan wasu ma'aikata ne da ke karya kumallo a wata ƙasa, su ci abincin rana a wata, da yamma kuma su koma ta farko su kwana. Faransawa na ce musu frontaliers, wato 'yan bakin iyaka. A dokar Tarayyar Turai, irin wannan ma'aikaci shi ne wanda ke aiki a ƙasa ɗaya, gidansa na wata, yana komawa gida kullum ko aƙalla sau ɗaya a mako. Ku riƙe wannan ma'anar da kyau, domin ita ta raba shi da ɗan ci-rani, wanda ke tattara kayansa ya tafi sai bayan watanni.

Na ɗauki Luksamburg ne a matsayin misali saboda a duk Tarayyar Turai babu inda abin ya yi ƙamari kamar can. Ƙasa ce 'yar mitsitsiya da ke maƙale tsakanin Faransa da Jamus da Beljiyam. Faɗinta murabba'in kilomita 2,586 ne kacal, mutanenta kuma ba su kai 700,000 ba. Amma mutum sama da 220,000 da ke aiki a cikinta ba a nan suke kwana ba. Wato kusan rabin masu ɗaukar albashi a ƙasar daga waje suke zuwa. Fiye da rabinsu daga Faransa suke fitowa, daga garuruwa irin su Thionville da Metz da Longwy, sauran kuma daga yankin Trier na Jamus da Arlon na Beljiyam.

To, me ya kawo haka? Da can, kudancin Luksamburg da yankin Lorraine na Faransa duk da ƙarfe suke tunƙaho. A shekarun 1970 da 1980 kasuwar ƙarfe ta karye, masana'antu suka yi ta rufewa. Luksamburg ta yi maza ta karkata ga harkar banki da hada-hadar kuɗi, ta kuma dace. Lorraine ba ta samu abin da zai maye mata gurbin ƙarfen ba. Sai ya zama ga aiki a wannan gefe ba isassun ma'aikata, ga ma'aikata a wancan gefe ba aiki, tsakaninsu kuwa tafiyar kilomita 30 ce daga Thionville. A farkon shekarun 1980 masu tsallakawar ba su kai 20,000 ba. Yarjejeniyar Schengen, wadda aka sa wa hannu a 1985 a wani ƙauyen Luksamburg mai wannan suna, ta fara aiki a 1995, ta kawar da shingayen bincike a iyaka. Daga baya Yuro ya zo ya ɗauke musu wahalar canjin kuɗi.

Lissafin ma'aikacin mai sauƙi ne. A 2024, mafi ƙarancin albashi a Luksamburg ya haura Yuro 2,500 a wata kafin a cire haraji, shi ne mafi yawa a Tarayyar Turai. Na Faransa kuwa wajen 1,800 ne. Sai dai gida a Luksamburg, haya ko saye, tsadarsa sai wane da wane. Saboda haka mutum sai ya ci albashin can ya biya hayar nan. Abin ya kai har wasu 'yan asalin Luksamburg sun kwashe iyalinsu sun koma bayan iyaka, suna zuwa aiki ƙasarsu ta haihuwa kamar baƙi.

Amma fa akwai kuɗin da ba ya fitowa a takardar albashi. Bari mu yi lissafi na misali, irin wanda 'yan sashen akanta ke so. A ce mutum yana kashe awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, kwana 220 a shekara. Awa 440 ke nan. Raba da takwas, ka samu ranakun aiki 55 da ya ƙarar a kan hanya ba wanda ya biya shi ko sisi. Wannan ma na yi masa sassauci ne, don babbar hanyar A31 da ta taso daga Metz ta yi ƙaurin suna wajen cunkoso, jiragen ƙasan safe kuma cike suke maƙil. Tun Maris na 2020 Luksamburg ta mayar da hawa bas da jirgin ƙasa kyauta ga kowa, in ban da kujerun alfarma. Sai dai kyautar a bakin iyaka ta tsaya, ɓangaren tafiyar da ke cikin Faransa sai ka biya.

Yanzu mu zo kan haraji, wanda a ganina nan ne zuciyar darasin. Ƙa'idar ita ce ana cire harajin albashi a inda aka yi aikin. Wato ma'aikacin da ke zaune a Thionville, Luksamburg ce ke karɓar harajin albashinsa. To amma ina 'ya'yansa ke makaranta? Wa ke kwashe masa shara, wa ke gyara titin ƙofar gidansa? Ƙaramar hukumarsa ta Faransa. Kun ga ke nan, wani ke kiwon saniya, wani ke tatsa. Shugabannin ƙananan hukumomin Lorraine sun daɗe suna wannan ƙorafi, kuma ni dai ina ganin suna da gaskiya. Luksamburg takan amsa da cewa albashin da take biya ai a kantunansu ake kashe shi, kuma tana zuba kuɗi a ayyukan sufuri na haɗin gwiwa, irin su layin dogo da wuraren ajiye motoci. Duka biyun haka ne. Amma layin dogon ai ma'aikata yake kawo mata, ba ya biyan albashin malamin firamare a Longwy.

Akwai inda aka warware wannan matsala ta wata hanya. Jeneba, a ƙasar Suwizalan, ita ma ta dogara da 'yan bakin iyaka daga Faransa. Tun 1973 aka ƙulla yarjejeniya cewa za ta riƙa mayar wa yankunan Ain da Haute-Savoie kashi 3.5 cikin ɗari na jimillar albashin waɗannan ma'aikata duk shekara. Har yau ana biya. Masu ƙorafi a Lorraine da wannan suke kafa hujja.

Aiki daga gida ya ƙara dagula lissafin. Idan ma'aikacin banki ya zauna a ɗakinsa a Metz da kwamfuta, a wace ƙasa ya yi aiki ranar? A Faransa mana. Don haka aka sa iyaka: kwana 34 a shekara zai iya yi a wajen Luksamburg ba tare da harajinsa ya motsa ba. In ya haura ko da kwana ɗaya, ƙasar da yake zaune za ta nemi harajin dukkan ranakun da ya yi a waje, ba na rarar kawai ba. Shi ya sa ma'aikatan ke ƙirga waɗannan ranaku kamar yadda muke ƙirga sauran garin kwakinmu a ƙarshen zango.

Ga wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ɗalibai. A 2010 Luksamburg ta yi dokar tallafin karatun gaba da sakandare, ta ce sai mazauna ƙasar kaɗai. Ma'ana, ɗan da ubansa ya shekara ashirin yana biya mata haraji ba shi da rabo, don kawai gidansu na bayan iyaka. Ɗaliban ba su yi shiru ba, suka garzaya kotu. A 2013 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wannan sharaɗi ya wuce gona da iri, dole aka gyara dokar. Sauran haƙƙoƙin ma a rabe suke. Fansho da inshorar lafiya da kuɗin tallafin yara daga Luksamburg suke fitowa, amma ranar da aka sallami mutum daga aiki, ƙasar da yake zaune ce za ta biya shi kuɗin rashin aiki. Ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar da ke yi masa dokar haraji, sai dai a zaɓen majalisar wakilan ma'aikata.

Annobar korona ce ta nuna wa kowa yadda wannan tsari ke tsaye a kan ƙafa ɗaya. A Maris na 2020 Jamus ta dawo da bincike a iyakarta, ta rufe wasu ƙananan mashigai. Hankalin gwamnatin Luksamburg ya tashi, domin akasarin ma'aikatan jinya a asibitocinta 'yan bakin iyaka ne. Har ɗakunan otal ta tanadar musu don su zauna a cikin ƙasar, kada a wayi gari asibiti ba mai duba majinyaci.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da wannan? Duk wanda ya fito daga Illela ko Jibiya ko Maigatari ya san amsar. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni 'yan kilomitoci ne, kuma akwai magina da makanikai da 'yan acaɓa da 'yan kasuwa da ke kwana a gefe ɗaya suna nema a ɗayan. A takarda ma an ba su dama, tunda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda ɗan wata ƙasar ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Bambancin shi ne galibinsu ba su da takardar ɗaukar aiki, balle fansho, balle kotun da za su kai kuka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Kowane lokaci aka rufe, waɗannan mutane ne ke fara ji a jikinsu.

Sannan ga batun canji, wanda 'yan Luksamburg suka huta da shi amma 'yan Jeneba ba su huta ba. Ranar 15 ga Janairu, 2015, Babban Bankin Suwizalan ya janye matakin da ya hana Yuro ɗaya faɗowa ƙasa da faran 1.20. Mai albashin faran 6,000, wanda jiya yake daidai da Yuro 5,000, ya wayi gari yana da kusan Yuro 6,000 ba tare da an yi masa ƙarin girma ba. Su sun dace, iskar ta kaɗa ta wajensu. A namu gefen, Sefa a ɗaure take da Yuro, Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023 ta yi ƙasa sosai. Maginin da ke kwana a Ƙonni yana karɓar lada da Naira a Illela, aikinsa bai ragu ba, amma abin da zai kai cefane gida ya ragu. Wanda ke kwana a Illela yana karɓar Sefa kuwa, nasa ya ƙaru.

Ga 'yan ajin ƙarshe da har yanzu ke neman kan furojet, musamman na sashen lissafin ƙididdiga da na harkokin kasuwanci, ga shawara kyauta. Ku nemi izinin jami'an da ke wurin, ku zauna a mashiga ɗaya daga ƙarfe shida zuwa tara na safe har tsawon mako guda. Ku tambayi masu wucewa abu huɗu: ina suka kwana, ina za su yi aiki, da wane kuɗi ake biyansu, kuma nawa suke kashewa a hanya kafin su isa.