Gyaran Mafitar Hayaƙi a Madafa

Jama'ar Talata Mafara da Bakura da Maradun, ku lura da madafanku. Hayaƙin itace da kara, in bai sami mafita ba, huhun uwargida da na yaron da ke goye yake shiga. Daga nan tari da ciwon haƙarƙari ke samuwa.

1. Maigida ya huda taga biyu, ɗaya kusa da rufi bisa murhu, ɗaya ƙasa a bangon da ke fuskantarta, gama iskar ƙasa ce ke tura hayaƙi waje.

2. Kowane wata a kakkaɓe kunkunniya. Takan toshe kafa, takan kuma kama wuta.

3. Kafin damina a yaɓe tsagar bango, a gyara indararo, kada ruwa ya ruɓar da azara.

4. Kada a ɗebi ƙasar yaɓe inda ake niƙan dutsen zinariya. Gubar dalma ta wurin ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010.

5. Da hunturu kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Gubarsa ba ta da wari, takan kashe mai barci.

Yaron da ke numfashi da sauri, lalle a kai shi asibiti ran nan.