Ayar da ake shuka wa talotalon daji

Talotalon da muke gani a tsakar gida, asalinsa tsuntsun daji ne na Arewacin Amurka. Sare dazuka da yawan farauta sun kusa ƙarar da shi wajajen 1930. Daga baya aka riƙa kama na daji da raga ana kai su inda suka ɓace, har yanzu ga su a jihohi 49 na Amurka.

Manoma da mafarautan can sukan ware 'yar gona a bakin daji, don talotalo bisa itace yake kwana, ba ya son yin nisa da mafaka. Me suke shukawa? Aya ce fa, irin wadda ake nomawa a Maradi! Ana shuka ta a jigawa, ta nuna cikin wata uku zuwa huɗu, sai a bar ta a ƙasa. In sanyi ya shigo abinci ya yi wuya, talotalo ya tona da ƙafa ya ci. Sukan ƙara da dawa da gero, su bar ciyawa mai tara ƙwari, don ƙwari ne abincin 'yan tsaki a makonnin farko.

Gaskiya da yawansu don farauta suke yi, amma doka ta yanke musu lokaci da adadi. Mu kuwa Malam ya karantar da mu cewa akwai ladan sadaka in tsuntsu ya ci daga shukarmu. To, zabin dajinmu fa? In muka cinna wa daji wuta, muka kwashe ƙwansu, ina za su? Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.