Yadda Ake Zama Hafsan Sojan Ruwa: Doguwar Hanya da Gajeriya

Nijar ba ta da teku, saboda haka ba ta da rundunar sojan ruwa. Yaron Hamdara ko na Mirriya da ke son ɗamarar hafsa, hanyarsa Yamai ce, makarantar horar da hafsoshi ta Tondibiya, inda ake yaye hafsoshin rundunar ƙasar. Amma Damagaram da Kano ɗanjuma ne da ɗanjummai. Gidaje da yawa a Birni da Zango suna da 'ya'ya da jikoki haifaffun Kano, Daura ko Maigatari, masu takardun Najeriya, kuma rundunar ruwa mafi kusa da mu tasu ce. An kafa ta a 1956. Yau tana da sansani a Baga, bakin tafkin Chadi, da kwalejin koyon samar da kayan aiki a Dawakin Tofa. Bakano, Awwal Zubairu Gambo, ya shugabance ta daga 2021 zuwa 2023. Kenan aikin ba na mutanen bakin teku kaɗai ba ne.

Ƙofa biyu farar hula ke shiga ya zama hafsa a wannan runduna, kuma ba ɗaki ɗaya suke kaiwa ba. Iyaye da yawa ba sa gane haka sai ƙofar farko ta rufe.

Ta farko ita ce makarantar NDA da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1964 da taimakon hafsoshin Indiya, ta kuma fara ba da digiri daga 1985. Wannan ƙofa ta ɗan saurayi ce da ya gama sakandare, mai shekara goma sha bakwai zuwa ashirin da ɗoriya kaɗan. Iyakar takan ɗan motsa daga shekara zuwa shekara, don haka a karanta sanarwar shekarar da kyau. Sharaɗin farko, ya zama ɗan Najeriya ta haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa. Ɗan Nijar ba ya cika fom da kansa. Baƙin ɗaliban da makarantar ke karɓa daga ƙasashen Afirka gwamnatocinsu ne ke turo su. Sai sakamakon sakandare mai kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Sai ya rubuta jarrabawar JAMB ya zaɓi NDA a matsayin zaɓinsa na farko, ya kuma cika fom ɗin makarantar. Kada ya kasance da aure ko ɗa. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68. Tun 2011 ana ɗaukar mata.

Wanda makinsa ya kai, sai a kira shi jarrabawar tantancewa ta makarantar. Wanda ya haye wannan, sai ya je gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja a Kaduna, kuma a nan ake zubar da mafi yawa. Kwanaki ake yi ana duba takardu ɗaya bayan ɗaya, likitoci su duba ido da kunne da jini da ƙirji, a duba tafin ƙafa da gwiwa, a sa gudu da motsa jiki, sannan a zaunar da yaro gaban manyan hafsoshi su yi masa tambayoyi. Ido yana da muhimmanci na musamman ga mai son ruwa, domin jirgi da dare da fitila ja da kore yake nuna gefensa na hagu da na dama, wanda kuwa ba ya bambance launuka ba zai tsaya gadi a ɗakin tuƙi ba. Ana raba guraben ne jiha-jiha, don haka ɗan Jigawa da 'yan Jigawa yake takara, ba da 'yan Legas ba. Wannan tsari rahama ce ga yaran Arewa, sai dai da yawa ba su ma san da shi ba.

Daga nan sai zaman Afaka, inda makarantar take. Ana sa ɗalibi cikin ɗaya daga bataliyoyi huɗu: Mogadishu, Dalet, Abyssinia ko Burma. Shekarar farko ta karya taurin kai ce, aski ƙwal, gudu kafin asuba, fareti, da biyayya ga wanda ya riga ka shiga ko da ka girme shi. Shekara huɗu ana haɗa karatun digiri da horon soja, ko injiniyanci, ko kimiyya, ko tarihi da siyasa. Ɗalibin ruwa yana ƙarawa da nasa darussa: iyo, ɗaurin igiya, karanta taswirar teku, dokokin kauce wa karo tsakanin jirage, da gano inda jirgi yake ta kamfas da na'ura. Yaron da ya tashi yana ɗiban ruwan rijiya bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba, kada wannan ya tsorata shi, koyarwa ake yi. Bayan Kaduna akwai Kwalejin Sojan Ruwa da ke Onne a jihar Ribas, da fita teku a jirgin yaƙi, inda za a ga wanda cikinsa ke juyawa da wanda ya daure.

Ko an yi faretin yayewa, an ba shi takardar hafsa da sa hannun shugaban ƙasa, bai zama gwani ba tukuna. Wanda aka tura reshen tuƙi da yaƙi zai yi kwas a makarantar NNS Quorra da ke Apapa, injiniya kuma a Sapele. Sannan ya yi watanni a jirgi yana tsayuwar gadi ƙarƙashin wani babba, har kwamandan jirgin ya gamsu ya sa hannu cewa za a iya bar masa jirgi da dare kowa ya kwanta. A ganina ranar da aka ba shi wannan takarda ya zama hafsan ruwa, ba ranar fareti ba. Daga nan hanya a buɗe take: kwamandan ƙaramin jirgi, kwas a kwalejin hafsoshi ta Jaji, kwamandan babban jirgi, Kwalejin Tsaro ta Abuja, har kujerar shugaban runduna ga mai rabo. Gambo ta nan ya bi, ɗan kwas na 36 ne a NDA.

Ƙofa ta biyu ana kiranta DSSC, kuma ta wanda ya riga ya gama jami'a ko babbar difloma ce, ya yi bautar ƙasa ya karɓi takardar sallama. Nan runduna ba ta neman yaron da za ta ƙera daga tushe, sana'a take saye: likita, ma'aikacin jinya, mai haɗa magani, injiniya, lauya, akanta, malami, masanin kwamfuta, limami ko fasto. Shekarun sun fi sassauci, daga ashirin da biyu zuwa wajen talatin, ana kuma ƙara wa wasu sana'o'in. Ana cika fom ta intanet, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya saka sunan ɗanka, ɗan damfara ne, ko da kaki a jikinsa. Sai jarrabawa, sai kwamitin zaɓe da gwajin lafiya irin na farko, sai Onne kai tsaye ba tare da an bi ta Afaka ba. Horon watanni ne, bai kai shekara ba. Ana koya masa fareti, harbi, iyo, dokar soja da al'adun jirgi, a ɗora masa muƙamin ƙaramin hafsa, a mayar da shi kan aikin da ya karanta.

To ina bambancin, tunda kaki ɗaya ne, gaisuwa ɗaya, albashi kuma bisa muƙami yake? Yana wurin umarni. Likitan da ya shiga ta gajeriyar hanya zai iya shugabantar asibitin runduna, lauya ya riƙe sashen shari'a, amma ba a ba su jirgin yaƙi, kuma shugabancin runduna na 'yan doguwar hanya ne. Takardar ɗan gajeriyar hanya ma ta wa'adi ce, ana sabuntawa, kuma sai ya nemi a mayar da ita ta dindindin in yana son ya daɗe. Wannan ba ƙasƙanci ba ne. Jirgin da ba injiniya ba ya barin tasha, kuma wanda ya shiga da sana'arsa yana fita da ita, abin da ɗan NDA mai digirin tarihi ba lallai ya samu ba ranar ritaya. Amma wanda burinsa ya tsaya a ɗakin tuƙi ya ce a juya jirgi, kada a ruɗe shi da cewa ya bari ya gama jami'a tukuna. In ya bari, ya makara.

Akwai kuskuren da ake yawan yi, a ɗauka hafsan gajeren wa'adi sojan ko-ta-kwana ne. Ba haka ba ne. Shi ma cikakken ma'aikaci ne, kullum yana bakin aiki, ana iya tura shi Baga ko Kalaba gobe da safe. Sojan ko-ta-kwana na gaskiya shi ne mai aikinsa na farar hula, yana zaune a gidansa, sai lokaci-lokaci ya sa kaki. Damagaram ta san irin wannan tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi wa birni ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa a gida: akwai 'yan bindigar fada da yaƙi ne aikinsu, akwai kuma mutanen ƙauyuka da ke gonakinsu sai an buga tambari su fito bayan sarakunansu.

Inda tsarin ko-ta-kwana ya zauna sosai a rundunar ruwa shi ne Amurka, kuma 'ya'yan Hausawa da suka zama 'yan ƙasa a can suna iya bin sa. Mai son aikin dindindin yana da makarantar Annapolis, wadda aka kafa a 1845, shekara huɗu, sannan ya yi wa runduna aiki aƙalla shekara biyar. Ko ya yi horon soja yana cikin jami'arsa. Ko kuma, in ya gama digiri, ya tafi Newport a jihar Rhode Island ya yi mako 13 na horo mai tsanani, kuma wannan, saɓanin Najeriya, yana iya kai shi har ga riƙe jirgin yaƙi. Shi kuwa ɗan ko-ta-kwana mai sana'a, kamar likita ko injiniya ko masanin bayanan sirri, ana fara ba shi muƙami ne bisa takardunsa da gogewarsa, daga baya ya je Newport ɗin ya yi mako biyar. Daga nan sai ƙarshen mako ɗaya a kowane wata, da mako biyu a shekara, sauran lokacin yana ofishinsa ko asibitinsa. Rangwamen yana da farashi: ranar da aka kira shi, zai rufe shagonsa ya bar iyali watanni, kamar yadda aka yi wa dubbai lokacin yaƙin Iraƙi da Afghanistan.

A Nijar ma rabon ya yi kama da na Najeriya, ko da babu jirgi. Tondibiya tana horar da hafsoshin fagen daga na tsawon lokaci, tana kuma karɓar likitoci da injiniyoyi ta yi musu gajeren horo. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, in yana da wannan niyya, ya tambayi rukunin da zai shiga kafin ya kai takardunsa, domin sauya rukuni bayan an ɗora anini abu ne mai wuya. Uban da ɗansa ke ajin ƙarshe na sakandare a Kano ko Daura kuwa, ya duba takardar haihuwar yaron da makinsa na lissafi tun bana, ya kuma kai shi asibiti a gwada masa ido kafin a kashe kuɗin mota zuwa Kaduna.