Tasirin Sauyin Yanayi a kan Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa, "Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba." To, amma gaba nawa za a tona kafin a tarar da shi? Wannan muƙala za ta duba yadda sauyin yanayi ke shafar amsar wannan tambaya a yankin Sahel.

2.0 Ma'anarsa

Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne ruwan sama ko na kogi da ya tsuttsure cikin ƙasa, ya kwanta a tsakanin yashi da tsagogin duwatsu. Shi ake samu a rijiya da burtsatse. Wani kan sabunta duk damina, wani kuwa ajiya ce ta dubban shekaru, kamar mai zurfin da ke ƙarƙashin Maiduguri. Irin wannan, abin da aka ɗiba da wuya ya dawo.

3.0 Yadda Yanayi ke Shafar Sa

Ƙaruwar zafi kan sa ruwa ya bi iska kafin ya shige ƙasa, fari kuma kan rage wanda zai sauko. Bayan farin 1973 da na 1984, Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. A fadamun Haɗeja da Nguru kuwa, malalen kogi ne ke ciyar da rijiyoyi. Da fari ya haɗu da madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, sai malalen ya ragu, ruwan rijiya ya ƙara nisa.

Sai dai ba ko'ina aka ga haka ba. A kewayen Yamai, ruwan ƙasa tasowa ya yi da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da fari. Dalili shi ne, an sare daji an yi gonaki, sai ruwa ya riƙa gangarawa kududdufai, daga nan ya nutse. Ribar ba ta zo kyauta ba, domin zaizayar ƙasa ta biyo baya.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa ba yawan ruwan sama kaɗai ke cika rijiya ba. Inda ya taru da yadda mutane suka sarrafa ƙasa da kogi duk suna da tasiri. Saboda haka, kafin a haƙa burtsatse, ya kamata a san ko ruwan mai sabuntuwa ne ko tsohuwar ajiya.