Yadda Ake Kare Ido da Fata Daga Haske Mai Ƙarfi a Diffa da Bakin Komadugu

Haske mai ƙarfi yana iya lalata ido, yana kuma iya jawo ciwon daji, amma ba kowane haske ne ke da wannan laifi ba. Akwai mai ƙona ido nan take, irin na walda da na kallon ƙwayar rana. Akwai mai ɓarna a hankali, shekara bisa shekara, shi ne wanda manomin tattasai da masunci da makiyayi suke sha kullum tun daga Maine Sorowa har Boso. Hasken waya da na ƙwan sola, waɗanda ake yawan ɗora wa alhaki, iyakarsu su gajiyar da ido su hana barci. Babu wata hujja da ta nuna suna makantarwa ko suna kawo sankara.

Mai ɓarnar wani ɓangare ne na hasken rana da ido ba ya gani, fata kuma ba ta jin ɗuminsa. Masana suna kiransa UV, kuma da waɗannan haruffa za ka gan shi a jikin tabarau. Tun 1992 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya hasken rana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Mu baƙaƙen fata Allah ya ba mu garkuwa a jiki, shi ya sa sankarar fata ta rana ba ta yawaita a cikinmu. Farin ido kuwa ba shi da wannan garkuwa, kuma a nan ne muke yin sakaci.

Mataki na farko: auna rana da inuwarka

Ba ka bukatar wata na'ura. Tsaya a fili ka dubi inuwarka. Idan ta fi ka gajarta, rana tana kan ganiyarta. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san wannan awo, domin da irinsa malamai ke gane shigar la'asar. Diffa tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara rana take tsayawa cak bisa kai, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. A bazara inuwa takan gajarce tun wajen ƙarfe 9 na safe, ba ta komawa daidai da tsawon mutum sai wajen 3 na yamma. Aikin da za a iya matsawa, kamar dashe da cirar ciyawa da juya shanyar tattasai, a yi shi da sassafe ko bayan la'asar. Wanda ba ya matsuwa, a kafa masa rumfa ko da ta zana ce. Masu rabon abinci da ruwa ga 'yan gudun hijirar da suka zauna gefen babbar hanya ta ɗaya tun 2015 su ma su lura: ajiye mata da yara a layi cikin tsakar rana ba tare da inuwa ba cutarwa ce da za a iya kauce mata da kuɗi kaɗan.

Kada sanyin hunturu ya yaudare ka. Hazo yana rage hasken, bai tare shi duka ba, ga ƙura da iska suna ƙara busar da ido.

Mataki na biyu: malafa kafin komai

Hula ado ce, ba ta yi wa ido inuwa. Malafa mai faɗin baki, irin wadda makiyaya ba sa rabuwa da ita, tana rage kusan rabin hasken da ke kai wa ido, tana kuma rufe kunne da ƙeya. Mace ta ɗora ta bisa ɗankwali ko mayafi idan za ta gona, ba abin kunya ba ne. Rawani yana tare ƙura da kuma hasken da ke zuwa ta gefe, amma sai an sauko da shi ya yi wa goshi baki.

Sai dai malafa ba ta iya tare abin da ke tasowa daga ƙasa. Busasshen rairayi yana mayar da wajen kashi 15 cikin ɗari na wannan haske, ruwa ma yana mayarwa, balle farin fili irin na masu aikin kanwa da gishiri a ƙasar Manga, ko tuddan Tal kusa da Ngigmi. Masunci ya fi kowa shan wannan: rana daga sama, ƙyalli daga ruwa. Da hantsi da kuma yamma, lokacin da rana ta karkata, gira ba ta yi wa ido laima, hasken yana shiga kai tsaye. A 1988 an buga wani bincike da aka yi kan masunta 838 na gaɓar Cesafik a Amurka, aka ga cewa idan hasken da mutum ya sha a rayuwarsa ya ninka, haɗarin kamuwa da wani nau'in yanar ido yana ƙaruwa da kashi 60 cikin ɗari. Ranarsu ba ta kama ƙafar ta Komadugu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana ƙiyasta cewa cikin mutum goma da yanar ido ta makantar, ɗaya na iya zama sanadin rana ne.

Mataki na uku: zaɓi tabarau da gwaji

Duhun gilashi ba shi ne kariya ba. Baƙin tabarau maras tace UV yana sa ƙwayar ido ta buɗe don ta ga duhu, mugun hasken ya samu ƙofa mai faɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Nemi wanda aka rubuta wa UV400, mai faɗi, mai zagayo gefen fuska ya kwanta kusa da gira. Tun da rubutu ba ya wuyar bugawa, ga gwajin da za ka iya yi a kasuwa. Ari 'yar fitilar nan mai shuɗin haske da masu canji suke duba jabun kuɗi da ita. Ka shiga inuwa, ka haska takardar jikka biyar ko goma, za ka ga wasu zare-zare da alamu sun yi walƙiya. Sai ka sa gilashin tabarau tsakanin fitilar da takardar. Idan walƙiyar ta mutu, gilashin yana tacewa. Idan tana nan daram, mayar wa mai kaya abinsa. Gwajin bai kai na na'urar masu yanka tabarau ba, amma yana fitar da na banza. Tsada ba ta cikin lissafi, sau da yawa farin tabarau na roba da ma'aikata ke sawa don kare ido ya fi wani na ƙawa tacewa.

Mataki na huɗu: mai walda da yaransa

Duk wanda ya zauna kusa da masu ƙera ƙofofi da gyaran amalanke ya san yadda abin yake. Maigida yana riƙe da ƙarfe, ya kawar da kai ya runtse ido ya ɗana wuta. Yaron shago yana tsugune yana danne ɗaya gefen, ido buɗe. Ba wanda ya ji komai a lokacin. Sai cikin dare, bayan awa shida zuwa goma sha biyu, yaro ya farka yana kuka, ido ya yi ja, hawaye na zuba, yana cewa an zuba masa yashi, ko fitila aka kunna sai ya rufe fuska. Fatar saman idon ce ta ƙone.

Kariyar ita ce garkuwar fuska mai gilashin walda, wanda lambar duhunsa take rubuce a gefe: daga 10 zuwa 13 gwargwadon ƙarfin wutar. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya maye gurbinsa ko kusa. Duk wanda ke riƙe ƙarfe sai ya samu nasa gilashin, kuma alhakin sayensa yana wuyan maigida, domin amanar ɗan mutane aka ba shi. A jingina fallen kwano tsakanin wurin aiki da titi saboda masu wucewa da 'yan talla. A sa riga mai dogon hannu a rufe wuya. A 2017 waccan hukuma ta Liyon ta tabbatar cewa hasken walda yana iya jawo sankara a cikin ido. Ba ta da yawa, amma shekara ashirin ana runtse ido a maimakon gilashi ganganci ne.

Idan ƙunar ta riga ta faru, a shiga ɗaki mai duhu, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora bisa rufaffen ido, a sha farasitamol, kada a murza. Da safe a je asibiti a duba ko ɓarɓashin ƙarfe ya maƙale, a karɓi man ido. Yawanci yana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kada a ɗiga nono, ko ruwan albasa, ko ruwan sukari, ko a ranbaɗa kwalli. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa a tiren mai talla: wasunsu suna kwantar da ja nan da nan, amma suna iya ta da hawan jinin ido ko su mayar da ƙaramin rauni gyambo. In an kwana biyu ba sauƙi, ko gani ya ragu, a koma wurin likita a ranar.

Mataki na biyar: ba a kallon ƙwayar rana

Bangon bayan ido, inda hoto ke sauka, ba ya jin zafi, saboda haka yana ƙonewa mai shi bai sani ba, sai daga baya ya riƙa ganin baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya duba. Wani ya warke, wani ya zauna da shi har abada. Lokacin kusufi aka fi samun wannan. Manya suna tune da na 29 ga Maris 2006, wanda duhunsa ya ratsa arewacin Najeriya da Nijar. Na 2 ga Agusta 2027 zai rufe rana ruf a Masar da Makka, mu a nan wani ɓangare ne rabonmu, kuma irin wannan ne ya fi jan yara su ɗaga kai. Kallo ta cikin kwanon ruwa, ko gilashin da aka turara da hayaƙi, ko tabarau biyu a haɗe, duk ba su tsarewa. Sai tabarau na kusufi mai lamba ISO 12312-2, ko gilashin walda mai lamba 14. In babu, a tara yara ƙarƙashin dogon yaro su dubi ƙasa: ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye kowanne zai koma kamar jinjirin wata. Fitilar leza da ake sayar wa yara, musamman mai koren haske, ita ma tana ƙona wannan bango. A karɓe ta daga hannunsu.

Mataki na shida: duba farin idonka a madubi

Ko da sau ɗaya ne a wata, ka tsaya inda haske yake, ka ja fatar ido, ka dubi dama da hagu. Abu uku ake rarrabewa.

Na farko: tsiron nama mai santsi, mai siffar fiffike, da ke tasowa daga gefen hanci yana rarrafe zuwa baƙin ido cikin shekaru, ya zama ruwan dare ga masu aikin rana da ƙura. Ba sankara ba ne. Idan ya doshi tsakiya ana cire shi, ko da yake yakan dawo ga wanda ya koma rana ba malafa.

Na biyu shi ne abin tsoro: ƙullutu a kan iyakar fari da baƙi, mai kaushi ko fari-fari kamar an ɗiga alli, wani lokaci ruwan ƙasa, da jijiyoyin jini masu kauri suna nufarsa, yana girma cikin makonni ko watanni, galibi a ido ɗaya. Wannan yana iya zama sankarar farin ido, wadda Afirka ta fi ko'ina yawanta, kuma tana kama har matasa. Rana ce babban sanadinta, raunin garkuwar jiki yana ƙara mata ƙarfi, shi ya sa likita zai nemi a yi gwajin ƙanjamau; kada a ɗauki wannan a matsayin zargi. Idan an zo da wuri, ɗan ƙaramin aiki ne a cire shi ido ya tsira. Idan aka tsaya shafe-shafe har ya cika ido, sai an cire idon gaba ɗaya. A fara da babban asibitin jihar Diffa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Damagaram, ko Yamai inda cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take. Tafiyar Yamai ta haura kilomita 1,300, dalili ke nan na zuwa tun abin yana ƙarami.

Na uku yanar ido: gani ya riƙa dushewa kamar cikin hazo, ba ciwo. Aikin asibiti yana dawo da gani. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke sun makantar da mutane da dama, a nisance su. Yaro ƙarami kuma da ƙwayar idonsa ta riƙa yin fari in an haska ko an ɗauki hoto, a kai shi asibiti cikin makon. Ba haske ne ya jawo ba, amma yana iya zama sankarar yara.

Mataki na bakwai: zabiya a cikin gida

Ga zabiya maganar ta rai ce, domin sankarar fata tana kashe da yawansu tun da ƙuruciya. Tun yana jariri a saba masa da malafa da riga mai dogon hannu. A ɗaga yadin sama a duba, in rana tana ratsa shi bai isa ba. Man kare rana mai lamba 50 a fuska, leɓe, kunne, wuya da bayan hannu, a sake shafawa bayan awa biyu in ana waje. Kada a tura shi kiwo ko su ko shanya da tsakar rana. A nema masa sana'ar inuwa tun da wuri, a roƙi malaminsa ya zaunar da shi a gaban aji nesa da ƙyallin taga.  Uwa ko yaya ta riƙa bin jikin yaron da hannu kowane wata, har bayan kunne da ƙeya. Wurin da ya yi kaushi yana ɓamɓarewa yana dawowa, ko ƙurjin da ya yi wata guda bai warke ba, a nuna wa likita kafin a sa masa komai.